Babi na Shida: Sauya Manhajar Katangar Tsaro a Ofisoshin Dawanau

Kasuwar hatsi ta Dawanau, wadda take bakin hanyar Kano zuwa Katsina a cikin Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, an san ta ne da buhuna da tireloli da 'yan dako, da gero da dawa da masara da wake da ake kawowa daga gonakin da suke kewaye da ita da ma na nesa, da kuma riɗi da zoɓo da citta da ake gyarawa a sito-sito domin fitarwa zuwa ƙasashen waje. Sai dai a bayan wannan hada-hada akwai wata hanya da ido ba ya gani, wadda kuɗi da takardun ciniki suke bi, domin dillalin da ya ƙulla ciniki da safe yana jiran saƙon banki kafin a yi lodi, kamfanin da yake aika zoɓo zuwa Meksiko ko riɗi zuwa Japan da Turkiyya yana musayar takardun awo da na biyan kuɗi ta intanet, mai POS kuwa da yake zaune a ƙarƙashin laima ba shi da sana'a da zarar layi ya ɗauke. Ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira, wanda Babban Bankin Najeriya ya sanar a watan Oktoba na 2022 kuma ya yi tsanani a farkon 2023, ya tura 'yan kasuwa da dama zuwa tiransifa ala tilas, kuma da yawansu ba su koma ɗaukar kuɗi a jaka ba bayan takardun sun wadata.

Duk ofishin da ya haɗa kwamfutocinsa da intanet, walau reshen banki ne ko kamfanin fitar da kaya ko ɗan ƙaramin kamfanin da yake raba intanet ga shaguna ta eriya, yana da wata na'ura da take tsaye tsakanin cikin gida da waje. Mafi sauƙinta ita ce rauta, wato na'urar da take nuna wa kowane saƙo hanyar da zai bi, mafi ƙarfinta kuwa ita ce katangar tsaro, wadda take duba duk abin da zai shiga ko zai fita, ta bar wanda dokokin da aka shimfiɗa mata suka yarda da shi, ta hana saura. Kamfanoni irin su Cisco da Fortinet da Sophos suna ƙera irin waɗannan, haka ma MikroTik na ƙasar Latbiya, wanda arahar kayansa ta sa ƙananan masu raba intanet a Najeriya suke yawan amfani da su. Matsayin na'urar daidai yake da na maigadin ƙofar sito, wanda aka yarda da shi har aka daina kallonsa, kuma a nan matsalar take farowa, domin ita ma kwamfuta ce mai ɗauke da manhaja a cikinta, wadda ake kira manhajar ciki saboda an dasa ta ne a ma'ajiyar na'urar tun daga masana'anta, kuma kamar kowace manhaja da mutum ya rubuta, tana da kurakuran da ba a gano ba sai bayan an sayar da ita.

Idan masu bincike suka gano kuskure mai buɗe wa ɓarawo hanya, kamfanin yakan fitar da sabon zubi na manhajar tare da sanarwa, kuma sanarwar da take faɗakar da mai na'ura ita ce dai take faɗakar da masu kutse, waɗanda suke da manhajojin da suke bin adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya suna neman wanda bai gyara ba, ba tare da sun damu da ko na'urar tana Landan ko tana Dawanau ba. A watan Afrilu na 2018 MikroTik ya toshe wata kafa a cikin Winbox, manhajar da ake sarrafa na'urorinsa da ita, wadda takan bar baƙo ya karanta fayil ɗin sunaye da kalmomin sirri ba tare da izini ba. Duk da haka, zuwa watan Agusta na shekarar an gano na'urori fiye da 200,000, farawa daga Brazil, da aka kutsa cikinsu aka sa kwamfutocin da suke bayansu suna haƙo kuɗin intanet domin amfanin masu kutsen. Gyaran ya yi fiye da wata uku a ajiye kyauta a shafin kamfanin, abin da aka rasa shi ne wanda zai ɗauko fayil ɗin ya saka shi.

Ɗauko fayil da saka shi kuwa aiki ne da yake da tarihinsa da ƙa'idojinsa. Ƙa'ida a harshen sadarwa tana nufin yarjejeniyar da na'urori biyu suke bi wajen magana da juna, kuma wadda ta fi daɗewa a wannan fage ita ce TFTP, ƙa'idar aika fayil mai sauƙi, wadda ta fito tun farkon shekarun 1980, kuma Karen Sollins ta fitar da tsarinta da ake bi har yau a 1992. An ƙirƙiro ta ne domin na'urorin da ƙwaƙwalwarsu ba ta da yawa, don haka aka cire mata kusan komai: ba ta tambayar suna, ba ta tambayar kalmar sirri, ba ta ɓoye abin da take ɗauke da shi, ba ta ma iya nuna jerin fayilolin da suke wurin da za a ɗauko, sai mai nema ya san sunan fayil ɗin harafi da harafi. Injiniya yakan kunna ƙaramar manhaja a laftof ɗinsa wadda za ta mai da shi saba, wato kwamfutar da take ba da fayil idan an nema, ya haɗa shi da katangar da kebul, sannan ya umarci katangar ta nemi fayil ɗin ta ƙofa mai lamba 69, domin kowace hidima a kwamfuta tana da lambar ƙofar da ake ƙwanƙwasa mata.

Yadda fayil ɗin yake tafiya ya cancanci a tsaya a kansa, saboda shi yake bayyana yawancin wahalar da ake sha. TFTP tana yayyanka fayil gutsi-gutsi, kowane gutsure bayit 512, ta aika na farko ta jira amsa cewa ya iso, sannan ta aika na biyu, haka har ƙarshe, kuma gutsuren da bai cika 512 ba shi ne alamar cewa an gama. Fayil mai megabayit 30 zai kasu gutsure 61,440, kuma idan laftof da katanga suna kan teburi ɗaya, inda zuwa da dawowa ba ya wuce kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, aikin zai ƙare cikin kimanin minti ɗaya. Amma idan injiniyan yana zaune a Legas yana turowa zuwa Dawanau ta layin da zuwa da dawowarsa yake cin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, wannan fayil ɗin zai ci awa ɗaya da minti arba'in da ɗoriya, ko da layin yana da faɗi, domin jiran amsa ne yake cin lokacin, kuma a cikin wannan tsawon lokaci katsewa ɗaya mai ɗan tsawo ta isa ta sa a sake daga farko. Akwai kuma wata iyaka da aka gada, wato lambar da ake ƙirga gutsattsarin da ita ba ta wuce 65,535, abin da ya sa tsofaffin manhajojin TFTP suke tsayawa cak idan fayil ya kai kimanin megabayit 32. An ƙara wa ƙa'idar damar amfani da manyan gutsattsari a shekarun 1990, amma har yanzu akan sami injiniyan da ya ɗauko tsohuwar manhaja, ya ga aiki ya tsaya a wuri ɗaya sau uku, ya ɗora laifin a kan kebul ko a kan na'urar, alhali manhajojin katanga na yanzu sun zarce wannan girma nesa ba kusa ba.

FTP, wadda Abhay Bhushan ya fara tsarawa a 1971 kuma aka daidaita ta a 1985, ta fi sauri kuma tana neman suna da kalmar sirri, sai dai tana aika su a fili yadda duk wanda ya saurari layin zai karanta. Gyaran wannan ya zo ne da SSH, wadda Tatu Ylönen ya rubuta a ƙasar Finland a 1995 bayan an saci kalmomin sirri a jami'arsu, kuma a kanta aka gina SCP da SFTP, waɗanda suke rufe suna da kalma da fayil gaba ɗaya cikin lambobin sirri ta ƙofa mai lamba 22. Yawancin na'urorin yau kuma suna karɓar fayil ta shafinsu na sarrafawa, a na'urorin MikroTik ma ya isa a jefa fayil ɗin cikin ma'ajiya a sake kunnawa. Hukuncin a nan ba shi da wuya: duk inda fayil zai bi layin da wasu suke amfani da shi, ko da wayalas ɗin ofis ne, SCP ko SFTP ko shafin da aka rufe da sirri ya kamata a bi.

Da haka sai a yi zaton TFTP ta tafi ke nan, amma tana nan, saboda ranar da komai ya lalace ita ce take rage. A ƙarƙashin babbar manhajar kowace na'ura akwai wata 'yar ƙarama, manhajar tashi, wadda aikinta shi ne ta farka da zarar an ba da wuta ta ɗauko babbar. Idan babbar ta lalace, wannan ƙaramar ba ta da ƙarfin sarrafa lambobin sirri, abin da ta sani shi ne ta karɓi adireshi ta nemi fayil ta hanya mafi sauƙi. A na'urorin Cisco ana kiranta ROMMON, na'urorin FortiGate suna da jerin zaɓi makamancin haka a lokacin tashi, MikroTik kuma yana da manhajar Netinstall da ake ceto na'ura da ita. Duk waɗannan suna buƙatar mutum ya zo da ƙafarsa, ya zauna gaban na'urar da laftof da kebul, kuma a wannan yanayi rashin sirrin TFTP ba ya cutarwa tunda babu kowa a kan kebul ɗin sai su biyu. Cutarwar tana zuwa ne idan aka gama aiki aka bar hidimar a kunne. A watan Afrilu na 2018 hukumomin tsaron intanet na Amurka da Birtaniya sun fitar da gargaɗi na haɗin gwiwa, inda suka bayyana yadda masu kutse da suka danganta da gwamnatin Rasha suke sa rautoci da makamantansu su aika fayil ɗin saitinsu waje ta TFTP, kuma fayil ɗin saiti shi ne yake ɗauke da dokokin na'ura da adireshin cikin gida da kalmomin sirri.

Amma tambayar da ta fi nauyi a wuri irin Dawanau ita ce daga ina fayil ɗin ya fito. Manyan kamfanoni kamar Cisco da Fortinet galibi suna buɗe shafin sauke manhaja ne ga wanda yake da kwantiragin kulawa, wanda ake biya da dala duk shekara, alhali ba ƙaramin kaso na kayan sadarwar da ake saye a kasuwannin Najeriya 'yan gwanjo ne da aka cire daga ofisoshin Turai da Amurka ba, kuma ba sa zuwa da wannan kwantiragi. Abin da yakan biyo baya sananne ne ga masu sana'ar: a nemi fayil wurin abokin aiki, ko a cikin wani zauren WhatsApp ko Telegram, ko a filashar da ta shiga kwamfutoci barkatai, ko a wani shafi da ba a san mai shi ba. Wanda ya saka irin wannan fayil ya miƙa wa wanda bai sani ba ikon ganin duk abin da yake shiga da fita daga ofishin, kuma babu wata manhajar kashe ƙwayar cuta a kwamfutocin ciki da za ta ankara. A watan Satumba na 2015 kamfanin bincike na Mandiant ya bayyana abin da ya kira SYNful Knock, wato gurɓatacciyar manhajar Cisco da aka samu a rautoci 14 a Ukraine da Philippines da Meksiko da Indiya, wadda take aiki kamar ta gaskiya, tana nan ko an kashe an kunna, tana kuma da ɓoyayyar ƙofa ga wanda ya dasa ta. Waɗancan sai da masu kutse suka sha wahalar samun kalmar sirri ko isa ga na'urar kafin su dasa, a nan kuwa mai na'ura ne yake dasawa da hannunsa yana ganin ya yi gyara.

Maganin da ake da shi ana iya kiransa zanen yatsan fayil. Wani lissafi ne da ake bi da fayil gaba ɗaya ta cikinsa ya fitar da gajeren jerin haruffa da lambobi, wanda ko ɗigo ɗaya aka sauya a cikin fayil ɗin zai fito daban kwata-kwata. Tsohon lissafin, MD5, yana fitar da alamomi 32, kuma tun 2004, lokacin da Wang Xiaoyun da abokan aikinta a ƙasar Sin suka nuna cewa ana iya samar da fayiloli biyu masu zane iri ɗaya, amfaninsa ya tsaya ga gano fayil ɗin da ya lalace a hanya. SHA-256, mai alamomi 64, da SHA-512 su ne abin dogaro a yau. Kamfani yakan wallafa zanen a shafinsa kusa da fayil ɗin, injiniya kuma ya lissafa nasa a laftof bayan saukewa, ya sake lissafawa a cikin na'urar bayan turawa, domin na farko yana tabbatar da asali, na biyu yana tabbatar da cewa babu abin da ya zube a kebul. Sharaɗin da ake yawan mantawa shi ne dole a ɗauko zanen daga shafin kamfanin kansa, domin wanda ya ba da gurɓataccen fayil zai ba da zanen da ya dace da shi. Sababbin na'urori suna ƙara wani mataki, suna duba sa hannun kamfani na lambobin sirri su ƙi tashi da manhajar da ba ta da shi, amma tsofaffin da suka cika kasuwar gwanjo su ne ba su da wannan kariya. Aikin duba zane ba ya cin minti biyar, kuma abin takaici ne cewa shi ne matakin da aka fi tsallakewa.

Sauran shirin sananne ne: a kwafi saitin na'urar a ajiye a waje, a duba ko ma'ajiya tana da wurin da zai ɗauki sabuwar manhaja ba tare da an goge tsohuwar ba, a kuma karanta bayanin kamfani game da matakan da za a bi, tunda na'urar da ta yi shekaru ba a taɓa ta ba sau da yawa ba za ta yi tsalle ɗaya zuwa zubin ƙarshe ba, sai ta bi ta wasu na tsakiya, in ba haka ba wasu dokokinta su ɓace a wurin juyawa.

Wuta ita ce babbar barazana a wannan yanki. Mintunan da na'ura take rubuta sabuwar manhaja a ma'ajiyarta su ne mafi hatsari a rayuwarta, domin idan wuta ta ɗauke tsohuwar ta tafi sabuwar ba ta kammala ba, sai a koma ga manhajar tashi da kebul, idan kuwa ita manhajar tashin ce ake sauyawa to na'urar tana iya mutuwa baki ɗaya. Janareta ba ya wadatarwa shi kaɗai, saboda daƙiƙun da ake ɗauka ana juyawa daga wutar Nepa zuwa inji sun isa su yi ɓarnar, don haka tilas na'urar da duk abin da yake tsakaninta da laftof su kasance a kan inbata ko batirin da aka gwada ƙarfinsa a ranar, musamman ganin yadda zafin bazara, wanda yake haura digiri 40 a Kano cikin watan Afrilu, yake gajarta ran batiri. Ƙurar hunturu da ta tankaɗen hatsi kuma suna toshe fankar na'ura, kuma injiniyoyi sun san cewa na'urar da ta daɗe tana aiki ba hutawa takan bayyana lalacewarta ne a ranar da aka sake kunna ta, shi ya sa masu hankali suke kashe ta su kunna da tsohuwar manhajar tukuna, domin a raba laifin ƙarfe da laifin fayil. Haka nan ya kamata fayilolin biyu, tsoho da sabo, su kasance a laftof kafin a fara, tunda da zarar katanga ta faɗi intanet ɗin ofis ya tafi tare da ita, kuma ranar 14 ga Maris na 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma har harkar bankuna ta tangaɗa a Najeriya, ta nuna cewa layin waje ma ba abin jingina ba ne.

Zaɓen lokaci yana bin kalandar noma. Daga kaka, wajen watan Oktoba, har cikin rani, kasuwa tana cike kuma ba mai sito da zai yarda a taɓa masa layi, don haka manyan sauye-sauye sun fi dacewa da tsakiyar damina lokacin da kaya suka ja baya, ko da daddare bayan an rufe ofis. Bankuna sukan ajiye katanga biyu, ɗaya tana aiki ɗaya tana jira, a sabunta mai jiran a juya aiki kanta sannan a sabunta ɗayar, ta yadda abokin ciniki ba zai ji komai ba. Ƙaramin kamfani mai na'ura ɗaya ba shi da wannan gata, amma kuskure ne babba ya ce zai jira damina idan sanarwar da ta fito ta ce ana riga ana amfani da kafar wajen kutse, domin rabin awa na rashin layi da dare ba ya kama ƙafar asarar da za a yi idan aka sauya lambar asusu a takardar biyan kuɗin kwantena guda ta riɗi.

Tashin na'ura da sabuwar manhaja bai rufe aikin ba. Fortinet ya toshe wata kafa a hanyar shiga daga nesa ta na'urorinsa a watan Mayu na 2019, amma a Satumba na 2021 kamfanin ya tabbatar da cewa an watsa sunaye da kalmomin sirri na na'urori kusan 87,000, waɗanda aka kwashe tun lokacin da ba a gyara su ba, kuma ya yi gargaɗi cewa wanda ya gyara daga baya bai sauya kalmar sirri ba yana nan cikin hatsari. A 2021 ɗin ne kuma MikroTik ya bayyana cewa rundunar na'urorin da aka yi wa laƙabi da Mēris, wadda aka kai manyan hare-hare da ita, ta ƙunshi waɗanda aka kutsa tun 2018 ba a tsabtace su ba. Saboda haka bayan kowane gyara na tsaro ana sauya kalmomin sirri, a duba jerin masu izini ko akwai sunan da ba a sani ba, a duba ayyukan da aka tsara su riƙa gudana da kansu, a kashe TFTP a laftof da na'urar, sannan a rubuta ranar da zubin da aka saka a littafin ofis. Doka ma ta shigo cikin lamarin, domin tsarin tsaron intanet da Babban Banki ya shimfiɗa wa bankuna ya fara aiki a farkon 2019, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta wajabta wa mai riƙe da bayanan mutane ya sanar da hukuma cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da su, kuma kamfanin da yake ajiye sunayen manoma da lambobin wayarsu da na asusunsu yana cikin waɗanda dokar ta shafa.

Akwai kuma na'urorin da babu sauran fayil da za a tura musu. Cisco ASA 5505, ƙaramar katangar da ta yi farin jini a ƙananan ofisoshi, an daina sayar da ita a 2017, an kuma daina kula da ita gaba ɗaya a 2022, duk kafar da aka gano a cikinta bayan nan za ta zauna a buɗe, ko da fitilunta suna ci kuma intanet yana wucewa lafiya. Mai sayen na'ura a gwanjo yana iya duba lambar samfurinta a shafin kamfanin kafin ya biya, ya ga ranar da kulawa za ta ƙare. Idan ranar ta wuce, sabuwar ƙaramar na'ura mai araha wadda kamfaninta yake ba da manhaja kyauta ta fi masa amfani, idan kuma ya riga ya saya, mafi ƙarancin abin da zai yi kafin ya sami kuɗin sauyawa shi ne ya rufe duk hanyar sarrafa ta daga waje, ya kashe hidimar shiga daga nesa, ya bar sarrafawa ga kwamfuta ɗaya tak a cikin ofis.